Awon Rigar Auta

Tun da Auta ta tafi aikin jinya wata ƙasa mai nisa ta yi aure a can, Mama ba ta ƙara ganinta ba sai a waya, fuska kawai da ɗan wuyan riga. Da aka buɗe wani shago a bakin titinsu, inda ake nuna mutumin nesa a tsaye kamar yana gabanka, sai Yaya, babban ɗan Mama, ya kama musu lokaci.

Mama tela ce. Daga kan keken ɗinki ta taso, tef ɗin awo na rataye a wuyanta.

Ɗakin ƙarami ne, kujeru biyu da wani akwatin gilashi mai tsayin ƙofa. Mai shagon ya rage fitila ya fita. Haske ya ɗan yi rawa, sai ga Auta tsaye da silifas ɗinta na gida, tana murza yatsu.

"Mama, ina wuni?"

Mama ta miƙe. Ta matsa jikin gilashin, ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Rigar nan ta matse ki."

"Injin ne ke ƙara wa mutum ƙiba," in ji Yaya.

"Kai, rufe mana baki. Juya gefe, Auta."

Auta ta juya, hannu a fuska. Cikin ya fito sosai.

"Na so in faɗa miki a waya, bakina ya yi nauyi. Tun da wancan cikin ya zube nake jin tsoro."

Mama ta ɗora tafin hannunta daidai cikin. Sanyin gilashi kawai ta ji, amma ta daɗe ba ta ɗauke ba. Can ta share ido, ta zare tef.

"Tsaya sosai."

Ta auna kafaɗa, ta auna tsayi. Zagayen cikin ne ya gagara. Auta ba ta da tef, sai ta ɗauko wayar caja ta zagaya jikinta, ta miƙar da ita tsakanin hannuwanta, Mama ta auna daga nan. Yaya ya yi dariya har da tari.

"Zan ƙara miki fili, tunda baƙon namu bai gama girma ba. Kuma ki daina yawan tsayuwa a wajen aiki."

"To, Mama."

Da hoton ya ɗauke, Mama ta tura Yaya ya kama musu wata ranar. Ita kuwa ta tsallaka titi zuwa shagon mai yadi, ta sa aka sauko mata da masu laushi.