Ruwan Toka a Kwana ta Uku

Da aka yaye ƙyallen da ya lulluɓe sabuwar motar tseren, garejin gaba ɗaya ya ɗauki tafi. Lowell Pruitt kaɗai ya bar hannuwansa cikin aljihu. Motar ruwan toka ce tun daga hanci har wutsiya, lambar da ke kan rufinta ma toka ce mai ɗan duhu, kamar an rubuta ta da gawayi a kan siminti.

Shekara goma sha bakwai motar Wade Rudisill rawaya ce, launin buhun kamfanin abincin kajin da ke ɗaukar nauyinta. Bana kamfanin ya janye, wani na inshora ya karɓa, ya zo da launinsa. A duk shekarun nan Lowell ne idon Wade. Direba in an ɗaure shi a kujera, an ƙulle masa hular kwano da wuya, gabansa kawai yake gani. Mai hange da ke tsaye can saman rumfar 'yan kallo, da oba-oba a baki, shi ke faɗa masa wa ke damansa, wa ke hagunsa, yaushe zai hau, yaushe zai dakata.

"Tsoho, ka yi tsit kamar an kai ka jana'iza," in ji Wade, yana shafa ƙofar motar. "Ba ta yi maka ba?"

Lowell ya juya wajen Marlene Setzer, shugabar makanikai. "Marlene, ko layi ɗaya na rawaya a kan rufin. Faɗin tafin hannu."

"Baba Lowell, takardar da muka sa wa hannu shafi arba'in ce. Har launin safar Wade yana ciki. Ɗigo ɗaya ba su yarda ba."

"Kewar kaji yake yi," in ji Wade. "A sayo masa zakara ya ɗaure a bayan gida."

Aka yi dariya, Lowell ma ya taya su.

Abin da babu wanda ya sani a garejin shi ne, wani tabo ya zauna a tsakiyar idonsa na dama, kamar an danna yatsa mai maiƙo a kan gilashi, kuma na hagun ya fara bin sahu. Likitan da ya gani, a wani gari mai nisa inda ba a san fuskarsa ba, ya ce abin ba ya komawa baya. Tun daga lokacin lambobi suka daina karantuwa daga sama. Amma rawaya ba ta ɓuya. Ko a cikin motoci arba'in, tana nan tana yawo kamar fitila, shi kuwa yana bin ta.

Ranar Talata aka fita gwaji, saura wata guda a yi tseren farko a Florida. Sanyin Janairu na Carolina ya daskarar da ƙarfen da Lowell ya jingina da shi. Sama toka, kwalta toka. Motoci goma suka shiga fili suna bin juna hanci da gindi, huɗu a cikinsu ruwan toka, don bana launin da kamfanoni ke yayi ke nan.

Zagaye shida Lowell ya riƙe motar Wade da ido. Ya ƙirga ta: ta huɗu daga gaba, layin ƙasa, wato na ciki, nesa da bango. Yana magana da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka. "Akwai a samanka. Yana nan. Yana nan." A zagaye na bakwai layukan biyu suka cakuɗe a kwana ta uku, can ƙarshen fili, tabon ya sauka daidai kansu. Ya ƙifta ido, ya karkata kai. Ga mota ruwan toka a layin ƙasa, samanta fayau har bango.

"Babu kowa a samanka. Hau."

Motar da yake kallo ba ta hau ba. Ƙarar taya ta taso daga baya, tsawon mota biyar daga inda idonsa yake, da farin hayaƙi. Wade ya hau kamar yadda aka ce masa, ya shiga gaban wata mota. Direbanta ya taka birki, ta goga gefenta da bango, ta miƙe da ƙyar.

Odell Baucom, mai hangen waccan motar, yana tsaye kusa da shi. Shekara ashirin suna raba rufi ɗaya. Ya zare abin kunnensa gefe guda, ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai ko dube shi ba.

"Lowell, wacce mota kake kallo?"

Kafin Lowell ya juyo, muryar Wade ta cika masa kunne. "Daga ina wannan ɗan banzan ya faɗo? Tsoho, ka ga abin da ya yi mini?"

Da aka tashi cin abincin rana, Lowell ya tarar da Wade zaune a bayan tirelar ƙungiyar, rigar tsere a zuge zuwa ƙugu, yana cin burodi da gasasshen nama, ga shayi mai ƙanƙara a gefe duk da sanyin.

"Zauna, ga naka. Na faɗa wa Marlene laifin wancan ne, sabon shiga ne, ƙafarsa ta fi kansa sauri. Kai ka ce in hau, ai ko bango ne a wurin hawa zan yi."

Lowell bai zauna ba. Da Wade ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Ba laifinsa ba ne. Wata mota nake kallo."

Wade ya fara dariya, ya dubi fuskarsa, dariyar ta tsaya a hanya.

"Idona ne, ɗana. Tsakiyarsa ta tafi."

"Tun yaushe?"

"Afrilu mai zuwa shekara biyu."

Wade ya ajiye burodin a kan takardarsa. Can cikin gareji wani yana gwada injin ɗaure taya, yana tsayawa, yana sakewa.

"Shekara biyu. Tsere nawa ke nan?"

"Rawayar nake bi. Sauran da kunne, da sanin halinka."

"Bara, ranar da motoci goma sha huɗu suka tarwatse a gabana, hayaƙi ya rufe ko'ina, ka ce hagu, hagu, taka. Na taka, ban ɗaga ƙafa ba. Har a talabijin na ce ka fi kowa ido a ƙasar nan." Ya ɗago ya dubi Lowell. "Gani ka yi, ko zato?"

Lowell ya buɗe baki. Ya daɗe yana yi wa kansa wannan tambayar, kuma har yau bai san amsarta ba.

"Ranar 'yata tana wurin," in ji Wade. "Tana sanye da abin kunne, tana jin muryarka."

Bai ɗaga murya ba. Ya naɗe ragowar burodin a takarda a hankali, kusurwa-kusurwa, ya miƙe, ya zura hannuwansa cikin rigar tseren.

"Ka kai wa Marlene oba-obar. Ni zan yi mata bayani."

Da yamma aka aro mai hange daga wata ƙungiya, matashi mai lafiyayyen ido. Lowell bai tafi gida ba. Ya zauna a bencin ƙasa na rumfar da babu kowa, ya rufe ido, don yanzu babu amfanin wahalar da su. Ko cikin injuna goma ya san na Wade, ya san yadda yake shiga kwana ta uku ƙafa a ƙasa, ba ya sassautawa sai ya kai tsakiya.

Motocin suka taho. Tun kafin bakin kwanar, ƙarar injin ta faɗi, na tsawon rabin numfashi, sannan ta dawo. Lowell ya san a daidai lokacin nan matashin yana can sama yana cewa babu kowa, hanya a buɗe take, kuma gaskiya yake faɗa.

Ya jira zagaye na gaba. A daidai wurin, Wade ya sake ɗaga ƙafa daga totur.