Sauka Ka Gaida Mutane

Wani mafarki na yi a daren jiya, har yanzu cinyoyina ba su daina ciwo ba. Na gan ni a kan kekena, bisa wata hanyar burji ja wur, tsakuwa sai ƙaras-ƙaras take yi a ƙarƙashin taya. Inna, mahaifiyata, tana zaune a kariyar baya, ta karkace gefe guda irin zaman mata, ƙullin goronta a cinya. Teku zan kai ta. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran keke a Ikko, can bakin teku, kuma duk zuwan da zan yi gida sai na ce mata, "Inna, baɗi war haka zan kai ki ki ga ruwan da ba a hango ƙarshensa." Ita kuwa sai ta ce, "Allah Ya kai mu, Tanimu," ta ci gaba da tsince wakenta. To, a mafarkin dai baɗin ta zo.

Sai ga shinge, an gitta gora a hanya. Gefe ɗaya ofis ne na langa-langa, a ciki wani bunsuru mai tabarau yana tauna takardu.

"Ina zuwa?" in ji shi.

"Teku, ranka ya daɗe. Tsohuwata zan kai ta gani."

Ya duba wata takarda, ya cinye rabinta. "Kun taki sa'a. Yau ce rana ta ƙarshe. Ana kiran la'asar za a naɗe shi a mayar wa masu shi."

"Da sauran nisa?"

"Ƙauye uku. Amma ka sani, a ƙasar nan duk sa'ad da mai keke ya sa ƙafa a ƙasa, teku yakan ja baya zango guda. Ba ya son jin taku."

Na duba, ashe ƙafata a ƙasa take. Na ɗauke ta da sauri. Inna ta miƙa masa goro, ya ce ba ya cin goro a bakin aiki, ya karɓi ganyen da aka naɗe shi ya cinye, ya ɗaga mana gora.

Muna cikin tafiya ruwan sama ya tsuge, amma daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama. Ya jiƙa min wando, ya shiga hancina, hulata kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba. Inna ta tattare zaninta ta ce damina ta yi kyau bana. Iska ta fara kawo min ƙanshin gishiri, na ƙara wa feda wuta.

A ƙauyen farko dattawa biyar ne zaune a gindin bishiyar kwakwa. Na ji yatsan Inna a bayana.

"Sauka ka gaida mutane."

"Inna, kin fa ji abin da bunsurun nan ya ce."

"Bunsuru ne ya haife ka?"

A garinmu ba a gaida babba daga kan keke. Tun ina ɗan shekara tara na sha ranƙwashi a kan wannan. Na ja birki, na sauka, na tura keken har gabansu, na tsuguna. Suka tambaye ni gajiya, suka tambaye ni gida da iyali, sannan suka tambayi lafiyar sarƙar keken, da sirdi, da wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ta "lafiya ƙalau". Ko da na miƙe, ƙanshin gishirin nan ya ɗauke ƙaf. Wallahi raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Sai ga mu a tsakiyar gonaki. Dawa ta yi kai, kowace zangarniya kifi ne ke reto a jikinta yana buɗe baki. Masunta suna tuƙa kwale-kwale a kan kunya, ƙura na tashi a bayansu. Tsakuwar hanya ta ƙara kaifi, tayar gaba ta fara sacewa. Can na lura da wani abu da ya tsinka min zuciya. Tudu muke hawa, amma keken ba ya ja na baya. Inna ba ta da nauyi, kamar ƙunshin auduga na ɗauko.

"Inna, kina nan?"

"Ina zan je? Kalli gabanka."

A ƙauye na biyu babu kowa sai huluna bakwai a jere a kan tabarma.

"Sauka."

"Haba Inna! Huluna ne fa kawai!"

"Na manya ne. Dubi irin ɗinkinsu."

Na sauka. Na tsuguna na gaida huluna, huluna suka amsa, har wata ta yi min faɗa wai na daɗe ban zo gida ba. Da na ɗaga kai, rana ta riga ta karkata. Na hau keke hawaye na zubo min, su ma sama suke yi, suna bi ta goshina.

Ban san iya tafiyar da na yi ba. Na dai ji ƙugi daga nesa, muka ƙure wani tudu, sai ga shi can ƙasa, shuɗi, shimfiɗe har inda ido ya gaza. A bakinsa wasu ƙarti sun jeru sun naɗe hannun riga. Wani ladani da ba na gani yana gyaran murya a cikin gajimare. Ƙauye na uku kuwa gida ɗaya ne tak, da wani tsoho shi kaɗai a kan buzu a bakin hanya.

Yatsan ya taɓa ni. Da ƙyar na ji shi.

"Sauka ka gaida mutum."

Ban sauka ba. Ƙararrawa na kaɗa masa sau biyu, na sunkuyar da kai, na saki birki. Tsakuwa na ta fallatsa, keken na rawa, ni kuwa ko a jikina. Na ratsa rairayi, na shiga ruwa har gwiwa, ina ta juya feda a wuri ɗaya don kada ƙafata ta taɓa ƙasa.

"Inna, ga shi! Ga shi nan, duba!"

Na waiwaya, kariya ba kowa.

Can bisa tudu na hango ta, 'yar mitsitsiya, durƙushe a gaban tsohon, ta ba teku baya. Duk nisan nan muryarta tana zuwa min tar, kamar a kunnena take magana.

"Ku yi haƙuri, Malam, ba haka na rene shi ba. Sauri yake yi, wai ruwa zai nuna min. Ina gajiya? Ina iyali?"

Na ƙwala mata kira har maƙogwarona ya tsage. "Inna, waiwayo kawai! Sau ɗaya!" Ba ta waiwayo ba, ba a juya wa babba ƙeya ana tsakiyar gaisuwa. Ladani ya ɗaga murya.

Ɗaya daga cikin ƙartin ya dafa kan kekena ya ce, "Malam, ɗaga mana taya, tashi za mu yi."

Suka naɗe shi kamar tabarma, da kifinsa da kumfarsa, suka saɓa a kafaɗa suka tafi. A ƙarƙashinsa ba komai sai wata hanyar burjin.

Ƙarar kujerun roba ce ta tashe ni, ana jera su ɗaya kan ɗaya a tsakar gida. Masu rumfa ne suka zo kwashe kayansu, jiya aka yi addu'ar ukun Inna. Ƙanwata Lantana ta ɗaga labule ta leƙo, idanunta a kumbure.

"Yaya, direban motar Ikko ya aiko. Wai kujera nawa za a ajiye maka?"

Na tashi zaune.

Na ce, "Ɗaya."