Shafin da Esnart Ta Bari

Tiyamike tana tuƙa nsima, tuwon masara, a babbar tukunya sai Baba Chikopa maigadi ya tsaya a ƙofar kicin, hularsa a hannu. Shekara shida suna aiki tare a wannan gida na unguwar Chirimba, inda ƙungiyarsu ke ɓoye matan da suka gudo daga azabar mazajensu, kuma ba ta taɓa ganin ya cire hula ba sai a coci.

"'Yata, wani ya buɗe ƙofar baya."

"Wane ne?"

"Ban san shi ba. Ina cikin lambu na hango shi ta tsakanin masara. Yana duba wayarsa yana murza lambobin kwaɗon nan ɗaya bayan ɗaya, har ya buɗe. Ya leƙo, ya ƙare wa igiyar shanya kallo. Sai ya mayar ya kulle, ya tafi abinsa."

"Bai shigo ba?"

"Ko ƙafa bai sa ba. Da ɓarawo ne ai da hankalina ya kwanta."

Tiyamike ta sauke tukunyar, ta leƙa ta taga. Zannuwa biyu ne a kan igiyar, sai wata 'yar rigar makaranta shuɗiya. Rigar 'yar Ulemu ce. Kwana tara ke nan da aka kawo Ulemu daga asibiti da karyayyen hannu, ita da 'yarta mai shekara bakwai, kuma su kaɗai ne baƙin gidan a wannan makon. Mijin ya aika mata ta bakin ƙanwarta cewa ko ramin ɓera ta shiga zai tono ta.

Mutum huɗu ne suka san lambar kwaɗon. Tiyamike ta lissafa su a ranta, sannan ta tuna da ta biyar, wadda take kwance a maƙabarta tun bara.

Ta shiga ƙaramin ofis ta kunna kwamfuta. Shekara uku da suka wuce, Anti Esnart, wadda ta kafa gidan, ta gaji da maimaita wa 'yan sa kai kwatancen gidan. Sai ta rubuta komai a wani shafin intanet da ake liƙa rubutu kyauta, ta raba musu adireshinsa. Esnart ta rasu, 'yan sa kan sun watse, kowa ya manta. Tiyamike ta sha wahala kafin ta gano adireshin a cikin tsofaffin saƙonni.

Shafin ya buɗe nan take, ba tambaya ba kalmar sirri.

"'Yan uwana, in kun wuce injin niƙa ku juya hagu. Gida na uku, mai koren ƙyaure. Kada ku buga ƙofar gaba, ku bi ta baya. Lambar kwaɗo tana ƙasa. Ku yi magana a hankali, baƙinmu suna firgita. Allah ya saka muku."

Ta ji kamar matar tana tsaye a bayanta tana faɗa, da wannan muryar tata mai kaushi. A ƙasa ga lambar nan, ga kuma kwatancen ɗaya gidan nasu na hanyar Zomba. Ba a taɓa canza lambar ba, saboda Baba Chikopa ya ce kansa ya tsufa da ɗaukar sabbin lambobi.

A kusurwar shafin akwai ƙaramin rubutu: an duba sau 212. 'Yan sa kai goma sha ɗaya ne kawai aka taɓa ba adireshin. Ta sake sabunta shafin don ta tabbatar idonta bai yaudare ta ba. Ya nuna 214.

Ta kira Wongani, mai kula da kwamfutocin babban ofishinsu a Limbe.

"Goge shi za ka yi yanzun nan."

"Yaya, da me zan goge? Da sunan Anti Esnart aka buɗe, kalmar sirrin kuwa ta tafi da ita kabari. Zan rubuta wa masu shafin, amma suna wata ƙasa, ƙila su amsa bayan Kirsimeti. Ko sun goge ma, wanda ya kwafa ya riga ya kwafa."

"Ta yaya baƙo zai gano shi?"

"Ai ba a ɓoye yake ba. Wanda ya rubuta sunan ƙungiyarmu da Chirimba a wurin bincike, in yana da haƙuri, zai faɗo a kai. Sau nawa na faɗa a taro, kuka ce na cika tsoro kamar kazar da ta ga shaho?"

"Wongani, ba yau ba."

Ya sassauta murya. "Yi haƙuri. Ki fitar da su daga nan, kuma ba Zomba ba. Duk inda kika zaɓa, kada ki rubuta a saƙo na yau da kullum. Zan turo miki wani shafi. Ki rubuta kwatancen a ciki, zai ba ki adireshi, ki tura wa direba. Sau ɗaya ake buɗe shi. Yana karantawa, rubutun ya shafe kansa."

Ta sami Ulemu a ɗaki tana yi wa 'yarta kitso da hannu ɗaya, yarinyar na riƙe mata da silin gashin. Tiyamike ta ce su haɗa kaya, za a canza musu wuri. Ulemu ba ta tambayi dalili ba. Ta dai tsayar da hannunta.

"Wanda ya zo ɗin, dogo ne?"

"Baba bai gan shi sosai ba."

"In shi ne, ba zai shigo yau ba. Haka yake yi. Sai ya bari na san ya sani tukuna."

Tiyamike ta koma ofis. Akwai wata tsohuwar nas a Bangwe da ta taɓa cewa ɗakinta na baya a buɗe yake in an shiga matsi. Ta rubuta kwatancen gidan a shafin da Wongani ya turo, ta tura wa Lameck direban ƙungiya daga wayar aiki, wadda ita ma gadon Esnart ce, tsohuwa mai fasasshen gilashi. Ta ƙara da cewa ya fara zuwa ya duba wurin, sannan ya zo ya ɗauke su.

Suka zauna cin abinci. Nsimar ta yi sanyi. Yarinyar kaɗai ke ci, tana tsince ƙananan kifin daga cikin ganye. A waje rana tsaka ce, injin niƙa na ta ruri, mata na wucewa da buhuna a ka. Baba Chikopa ya ɗaure ƙofar baya da wayar ƙarfe, ya ja kujerarsa ya zauna a gabanta.

Wayar aikin ta yi ƙara. Lameck ne.

"Anti, abin nan da kika turo bai buɗe ba."

"Ka sake dannawa."

"Na danna sau uku. Cewa yake an riga an karanta, an shafe."

"Ba kai ka buɗe ba? Ko matarka, ko yara?"

"Ina gareji tun safe, wayar tana aljihuna. Yanzu na wanke hannu na duba."

Ta kalli wayar da ke hannunta. Mutum ɗaya ta tura wa. Ba ta san ko a wayar Lameck ake leƙe ba, ko a wannan, ko tun yaushe. Abin da ta sani shi ne wani ya karanta kwatancen gidan tsohuwar nas, kuma da a saƙo na yau da kullum ta tura, da yanzu suna hanyar Bangwe ba su san komai ba.

"Anti, kina ji na? Faɗa mini da baki kawai."

"Bar shi, Lameck. An fasa tafiyar. Ka ci gaba da aikinka."

Ta kashe wayar, ta jefa a aljihun tebur ta kulle. Ta ari wayar Baba Chikopa, 'yar ƙarama mai maɓallai, ta kira nas ɗin ta ce ta kwana wurin ɗanta yau, za ta yi mata bayani gobe. Sannan ta ba Ulemu zaninta na aiki da ɗankwali, ta sa mata kwandon tumatir a ka, ta rufe karyayyen hannun da mayafi. Ita ta riƙe hannun yarinyar. Za su bi ta gidan maƙwabciya su ɓulla titi, su hau ƙaramar bas ta farko da ta tsaya. Inda za su sauka kuwa sai sun yi nisa za ta yanke.

Baba Chikopa ya raka su har bakin katanga.

"'Yata, in ofis suka kira suna tambayar inda kuka tafi fa?"

"Ka ce ba ka sani ba."

"To ai ban sani ba."

"Ni ma haka, Baba," in ji ta, ta ɗaga yarinyar ta tsallakar da ita.