Kakanki Sifili Ne

Shekara goma sha ɗaya Injiniya ya yi yana jan ragamar ƙungiyar masu rubuta manhaja da wani harshen kwamfuta da suke ji da shi. Shi ya rubuta musu Jagorar Sabon Shiga, shafi arba'in cif, kuma duk wanda ya yi tambaya a zauren ƙungiyar na waya, amsa ɗaya yake samu: "Ka karanta jagora tukuna."

Da Malama, wata matashiya a cikinsu, ta buɗe ajin yara ran Asabar a ɗakin taronsu da ke saman shagon gyaran waya, Injiniya bai ɓoye abin da ke ransa ba. Ya ce nan ba gidan raino ba ne, yara sun cika kwamfutoci da maiƙo, har sun ɓalle maɓallan haruffa biyu. Aka sa Lahadi kwamiti zai yanke hukunci, kuma kowa ya san inda Injiniya ya karkata, can kwamiti ke faɗuwa. Abu ɗaya Malama ta roƙa, ya zo ya ga aji ɗaya kafin ya rufe.

Ya zo, ya tsaya jikin taga ya harɗe hannu. Yara sha huɗu, kwamfuta shida, fanka na ta ƙara ba iska. Jikarsa ma tana ciki, uwarta ce ta sa ta ba da saninsa ba. A baya can wani tela ya zauna kan benci yana jiran 'yarsa, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

Darasin ranar na jera sunaye ne. Can sai jikar ta ɗaga murya.

"Kaka, zo ka gani! Kwamfuta ta ce ba kai ne babba a gidanmu ba."

Ya matsa ya leƙa. Ta jera sunaye uku, Kaka, Mama, sai nata. Ta nemi lamba ɗaya, kwamfuta ta ba ta Mama.

"Ke dai da gaggawa," in ji shi. "Ai a nan daga sifili ake fara ƙirga. Mamarki ce ɗaya, ni ne sifili."

Aji ya kece da dariya. Wata mai wushirya ta ce, "Kakanki sifili ne!"

"Kowa ya san wannan," ya ce, yana haɗe rai.

"Mu ba mu sani ba. A ina aka rubuta?"

"A jagora mana."

Mai wushiryar ta miƙa masa kwafin da ke kan tebur, gefensa duk ya nannaɗe. Ya lashi yatsa ya buɗe shafi na sha biyu, inda ya san ya yi bayanin jeri. Ya karanta har ƙasa. Ya koma na sha ɗaya, ya tsallaka na sha uku. Babu inda ya ambaci sifili. Fara ƙirga daga sifili ya zame masa kamar numfashi tun yana saurayi, shi ya sa bai taɓa tunanin abin faɗa ba ne.

Malama ta matso, ta rage murya. "Babu shi, Injiniya. Na duba ko'ina. Duk su sha huɗun a nan suka yi tuntuɓe."

"Wanda ya rubuta littafin nan dai bai iya koyarwa ba," in ji jikar, ba ta san shi ne ba, don sunan ƙungiya ne kawai a bangon.

Sai telan nan ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ashe sifili ne?" Yana dariya yana kaɗa kai. "Shekara shida da suka wuce na yi wannan tambayar a zaurenku. So nake in jera awon masu kawo mini ɗinki. Ka ce in karanta jagora. Wallahi sau uku na karanta. Sai na ce kaina ne ba ya ja, na koma kan kekena."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Injiniya ya tuna sau nawa ya tsaya gaban kwamiti yana cewa sababbin shiga ragwaye ne, sati biyu sun gudu. Ashe babba in ya faɗi sai ya kakkaɓe rigarsa ya sulale, kada a gan shi. Yaro ne kawai zai faɗi ya ƙwala ihu ya nuna ramin.

"Malam Tela," ya ce, "ga kwamfuta, zo ka zauna in nuna maka."

"A'a, ni kam ido ya tafi, sai da tabarau nake zura zare. Ku dai bar wa 'yata ajin."

Injiniya ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya jawo ƙaramar kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji. Ya zaro jan biro daga aljihu ya ajiye gaban jikarsa.

"Ni na rubuta shi."

Ta dube shi, ta dubi littafin. "Kai, Kaka?"

"Ni. Duk inda ba ku gane ba, ku ja layi. Malama, Asabar mai zuwa ƙarfe nawa ake farawa?"

Yarinyar ta buɗe shafin farko, ta cire murfin biron. Ba ta kai ga layi na uku ba ta fara ja.