Zaƙin Kara

…kuma ba za su fasa kwalbar ba sai an biya kuɗin haɗi. Haka malamar asibitin ta ce, ko kallonta ba ta yi ba. Hure tana zaune bakin gadon mijinta, Malam Sabo, kwalbar na ƙulle a bakin zanenta. Akuyar ƙarshe ce wannan, ta koma ɗan farin gari a cikin gilashi. Ita da ta ɗauka in ka sayi magani shi ke nan? Ina! Ruwan haɗi daban, sirinji daban, safar hannu daban, har hannun da zai girgiza kwalbar ma da kuɗinsa. Likita kuwa ya ce in maganin bai shiga jini yau ba, ƙafar nan yanke ta za a yi.

Ledar ƙarin ruwa tana ɗiga — ɗis… ɗis… — ruwa ne kawai, ba magani a ciki.

Uwaisu. Kai ne fa ka ce…

Ga shi nan tsugune a tsakar gida, bara da kaka, ɗansu da aka tura Kano karatu. Ya yayyanka karan dawa a kwalba, ya zuba wani abu, wai asid, ɗan'uwan ruwan batir. Karan ya yi duhu, ya saki, ya narke. "Inna, duk karan nan sukari ne a ɗaure, asid ke kwance shi. Irin sukarin da ke cikin ruwan da ake ƙara wa marar lafiya. Mu za mu riƙa yin sa a nan, talaka ya huta." Oh, daɗin baki! A ina ya koyo shi? Ba dai a wurin ubansa ba.

Uban cewa ya yi kara ba shara ba ne. Mu nan gona jikin gona take, ba dajin kiwo. Bijimi ya ci ganyen kara, ya ba da taki, a loda wa jaki a mayar gona. Darni da shi, wutar tuwo da shi. Ka kwashe kara, me ka bari?

"Wallahi, Baba, kafin ruwan farko zan sauke maka takin zamani a ƙofar gida."

Wallahi fa ya ce. Da bakin da ta ɗura wa koko.

Mota ta zo ta kwashe, har da ɓawon gyaɗa… Sabo da ƙafarsa ya bi maƙwabta gida-gida, yana cewa ku ba shi, ɗana ne. Da ƙafar nan — kai, warin nan! Ta gyara tsumman da ya rufe ta. Rani ya yi, bijimi ya koma ƙasusuwa, aka ja shi kasuwar Makoda aka ba da shi kamar sadaka. Ruwa ya sauka, ba taki, ba bijimin huɗa. Tsoho ya ɗauki garma da hannunsa, a shekarar da kwanon dawa ya gagari mutane. Garmar ta zame, ta sare shi a ƙafa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. To, ya zauna wa zai yi?

Waya. Ta sake dannawa. Tana shiga… tana shiga… Da safe ya ɗauka. "Inna, ina cikin taro, zan kira." Taro! Da a ce harkar karan rushewa ta yi, da ta ce ƙaddara, ta yi masa addu'a ma. Amma Luba maƙwabciyarta ta gan shi a Kano da idonta, a farar mota, ya yi ƙiba har da wuya. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa yi wa bare ba. Ta tsine masa? Bakin ya ƙi. Ta yafe? Shi ma ya ƙi.

"Ya kira?" Sabo ne, idonsa a rufe.

"Yana hanya, Malam."

Allah ka yafe mata. Yana hanya… wace hanyar?

Wani sanyi a bayan hannunta. Robar ce ke yoyo daga mahaɗi, ɗigo ɗaya ya sauka. Ba ta san sanda ta kai shi baki ba. Zaƙi. Ɗan kaɗan, can nesa, irin na karan dawa in yaro ya tsotsa a gona.

Ashe da gaske ne. Akwai sukarin. Wa ya sani ko na gonarsu ne ke komawa jikin mai gonar, bayan an sayar masa… Bai yi ƙarya a kan kara ba, Uwaisu. Kara kam, ya san shi sarai. Da duka ƙarya ce, da abin ya fi sauƙin haɗiyewa.

Takalmin malamar asibiti ya tsaya a gabanta. "Inna, an kawo kuɗin? Mai haɗin zai tashi."

Hure ta dafe ƙullin zanenta. Wayar tana shiga. Zaƙin bai bar harshenta ba, ta rasa ko ta tofar ko ta haɗiye…