Daga Lakwaja zuwa Ƙofar Durbi

Sai da Malam Sammani ya haye gadar Kwara ya ba Lakwaja baya sannan ya lura cewa tun da ya taso lallaɓa motar yake yi kamar mai ɗauke da ƙwai. Babu wanda ya ce masa ya rage gudu. Mai cewar, matarsa Hajara, tana kwance a maƙabartar bayan gari, yau kwana huɗu.

Shekara tara suna wannan zirga-zirga. Da sanyi ya shigo Katsina sai ƙirjin Hajara ya fara kuka, shi kuma ya wanke tsohuwar Fijonsa ya kwashi Hajara zuwa Lakwaja wurin 'yarsu Ramla, ma'aikaciyar jinya, su zauna har zafi ya kankama. Maƙwabtansu na Kambarawa har tsiya suke yi masa, wai mutane na tafiya cin rani, shi yana tafiya cin ɗumi. Bana saura mako guda su dawo, ta riga ta ɗaure kayanta, har ta sayi manja da busasshen kifi na tsaraba. Ranar Lahadi bayan azahar ta ce numfashinta na sarƙewa, kafin la'asar ta cika.

Ramla ta yi kuka ta ƙara, ta roƙe shi ya bari mijinta ya tuƙa shi. Ya ƙi. Mutum ne mai taurin kai tun yana aiki a ma'aikatar ayyuka, ritaya kuwa ba ta rage masa komai ba. Amma gaskiyar maganar, ba ya so a zauna masa a kujerar nan ta gefensa.

Yana shan mai a Gwagwalada wayarsa ta yi ƙara. Salihu ne, ƙanen Hajara.

"Malam, ka taso?"

"Na taso. Yaya Inna?"

"Lahiya lau take, har yanzu ba ta ji komi ba. Masu gaisuwa duk a waje muke tare su, mu tura su gidanka. Malam, kai hwa za ka gaya mata. Wallahi ni bakina ba shi iyawa. Kai ka ga cikawarta, kai ka sa ta a ƙasa."

"To," in ji Malam Sammani, ya kashe wayar.

Inna ita ce mahaifiyar Hajara, ta haura shekara tamanin da biyar, tana zaune a gidansu na gado a Ƙofar Durbi. Shekara shida da suka wuce wani mai rawar kai ya buga waya ya gaya mata rasuwar ɗanta kai tsaye, ta faɗi a tsakar gida, tun daga ranar hannunta na hagu bai sake ɗaukar ko ludayi ba. Likita ya ja musu kunne cewa in aka sake, ba lalle ta tashi ba. Shi ya sa dangi suka haɗa baki a rufe maganar sai wanda ya gani da idonsa ya zo ya lallaɓa ta.

Sai dai masu wannan shawara sun manta abu ɗaya. Shekara talatin da takwas Malam Sammani yana surukin Inna, bai taɓa yi mata maganar da ta wuce gaisuwa ba. In ya je, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa, su gaisa ya tashi. Mutumin da bai taɓa cewa da ita ana ruwa a waje ba, shi ne yau zai ce mata 'yarta ta mutu. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kada kalmar da za ta fito daga bakinsa ta zama ajalin tsohuwar.

Daga Zuba zuwa Kaduna ya yi ta gwada maganar shi kaɗai. Zai fara da cewa jikin ne ya ɗan motsa. Sai ya ce an kai asibiti. Sai ya ce jikin ya yi tsanani. Duk lokacin da ya kawo nan sai ya koma farko. Sau biyu yana juyawa dama don ya ji ra'ayin Hajara, don ita ce mai iya irin wannan magana. In an yi rasuwa a unguwa ita ake aike. Babu kowa a kujerar sai gorar ruwansa tana gangarawa gaba da baya.

Hanya ba ta taɓa yi masa tsawo kamar yau ba. Da, kafin su kai Kaduna Hajara ta tsayar da shi sau biyar: nan doya, can lemo, gaba kaɗan ayaba, shi yana mita ita tana ciniki. Yau ya wuce su duka, masu talla na ɗaga masa kaya yana kallon gabansa. Ya kunna rediyo, ya ji ana musu a kan ƙwallo, ya kashe.

Bayan Zariya ya tsaya ya yi azahar da la'asar a wani ƙaramin masallaci na bakin hanya, inda suka saba tsayawa. Yana fitowa mai furar da ke zama a gindin darbejiya ta gane motar, ta washe baki.

"Alhaji, an dawo? Sannu da hanya! Ina Hajiya, ko barci take?" Ta leƙa ta gilashi.

Ga dama ta samu ya gwada maganar a kan wadda ba za ta faɗi ba. Ya buɗe baki.

"Tana can wurin yara," ya ji kansa yana cewa.

"Ayya, jika ya riƙe ta. A gaishe ta in an yi waya. Ka ce mai nono na cigiya."

"Za ta ji."

Ya sayi furar, ya shiga mota, ya yi tafiyar da ta kai rabin awa bai iya kurɓar ta ba. Haushin kansa ya kama shi. In mai fura ta gagare shi, yaya zai yi da Inna? Ya wuce Funtuwa, ya wuce Bakori da Malumfashi, rana na dukan gefen fuskarsa na hagu, bayansa ya ƙage, ƙafarsa ta yi tsami a kan totur. A Kankiya har ya yi tunanin ya wuce gida Kambarawa ya kwana, gobe ya zo da ƙarfinsa. Amma ya san gidan cike yake da masu gaisuwa, kuma maganar da ta cika unguwa ba ta da nisa da kunnen tsohuwa.

Rana ta yi ja lokacin da ya shigo Katsina. Masu babura na ta kutsawa tsakanin motoci, masu gasa nama sun fara hura wuta, garin na nan yadda ya bar shi wata huɗu da suka wuce, ko a jikinsa. Ya karya ta Ƙofar Durbi ya tsaya a bakin lungu.

Salihu na zaune a zaure. Suka riƙe hannun juna, aka yi addu'a a hankali, kamar masu satar magana. Sannan Salihu ya nuna masa hanya da haɓa, shi ya tsaya a inda yake.

Malam Sammani ya yi sallama a tsakar gida. Matan gidan suka amsa ciki-ciki, kowace ta shige ɗakinta. Ya cire takalmansa nesa, ya durƙusa a bakin ƙofar Inna, idonsa a kan siminti. Gefen tabarmarta kawai yake gani, da ƙafafunta sirara, da carbi.

"Maraba, maraba. Kun sha hanya."

"Mun same ku lahiya, Inna?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya Ramla da maigidanta? Yaya ƙananan? Wanda aka yaye ya yi ƙwari?"

"Duk suna lahiya, suna gaishe ku."

Ta tambayi hanya, ta tambayi mota, ta tambayi zafin can ƙasar, har da ko kifi ya yi araha bana. Mutum ɗaya ce ba ta tambaya ba, kuma bai yi mamaki ba. Hajara 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane. In ta matsu sai ta ce "waccan".

Gaisuwa ta ƙare.

"Inna," ya ce, "dama jikin ne... jikin ne ya ɗan motsa."

Daga nan bai iya ƙara komai ba. Ya ji carbin ya daina motsi, ya kasa kunne ko zai ji faɗuwar jiki.

"Malam," in ji ta, muryarta ba ta rawa. "Kwana huɗu rediyona wai ba batir. Kwana huɗu ba wadda ta shigo ta zauna hira, kowa ya aje mani tuwo sai ya juya da sauri. Yau kuma ka shigo gidan nan kai kaɗai, ba wanda ya riga ka ya ce mani ga ka nan tahe. Na tsuhwa, amma ban haukace ba."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Hajara ta cika ko?"

Sunan ya fito daga bakinta a hankali, kamar tana tsoron kada ya fashe. Malam Sammani bai taɓa jin sa da wannan murya ba. Hawayen da ya riƙe tun daga Lakwaja suka zubo a kan simintin.

"Ta cika, Inna. Ranar Lahadi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita sau uku. Yana jin numfashinta yana shiga yana fita, bai tsaya ba. Can sai ya ji tana jan tabarma da hannunta mai lafiya.

"Taso daga nan. Shigo ciki ka zauna kusa da ni, kunnena ba shi ji sosai. Ka gaya mani komi, kada ka rage. Mi ta ce? Ta samu yin salati?"

Ya tashi ya tsallaka dokin ƙofar, ya zauna a inda ta nuna masa. Da zai fara magana ya ɗaga kai, karo na farko a shekara talatin da takwas, ya dubi fuskar surukarsa. Ashe idanun Hajara na uwarta ne, har da yadda take ƙanƙance na hagu in tana sauraro.

Ya goge fuskarsa da hannun riga.

"Bayan azahar ne," ya ce. "Tana zaune tana ɗaure maku kifi."