Hanyar da Hermelinda Ta Bi

Kazar ta leƙo daga cikin kwando ta caki ƙafar mutumin da ke kusa. Doña Hermelinda ta danna kan kazar ciki, ta ja tsumma ta rufe. Mota ta uku ke nan da ta shiga tun safe. Da ta miƙe hanya daga Santa Rosa da tuni ta isa, amma matar da ta raɗa mata sunan ƙauyen a bayan coci ta ja mata kunne: kada ta miƙe, kada ta gaya wa kowa, ta riƙa waiwaye. Ta yi ta waiwaye har wuyanta ya ƙage. Ba ta ga komai ba sai gonakin kofi.

'Yarta Nohemy ce ta haihu. Tun cikin yana ƙarami ta gudu daga gidan mijinta Wilmer, ranar da ya karya mata haƙori. Wasu mata masu ɓoye irinta suka karɓe wayarta suka farfasa, suka kai ta bayan duwatsu, gidan wata tsohuwa mai gasa burodi. Hermelinda ta daure ba ta je ba. Amma jego daban ne. Mai jego sai an ɗaure mata kai, an toshe mata kunne da auduga don kada iska ta shige ta, an ba ta romon kazar gida da gasasshiyar tortiya, wainar masararsu, har ta yi arba'in. In uwa ba ta yi ba, wa zai yi?

*

Da safen nan maƙwabciyarta Chabela ta tare ta a bakin ƙofa.

"Ina zuwa da kaza, ƙawata? Ko saurayi aka yi?"

"Wanda zai so ni sai makaho. Asibiti za ni, gwiwar nan."

"Da kaza?"

"Likita ba ya cin abinci ne?"

Chabela ta yi dariya, sannan ta daina. Ta gane, ba ta kuma tambaya ba. Ta ce, "To bar min wayarki in ajiye, kada a sace miki a mota."

"Ran Lahadi ɗana Elmer zai kira daga Amurka. In bai same ni ba, sai ya ɗauka na mutu."

Wayar kyautar Wilmer ce, ta ranar iyaye mata, tun ana zaman lafiya. Ya durƙusa gefen kujerarta ya daddanna ya shirya mata komai. "Mama, ba sai kin wahala ba. Kore ki amsa, ja ki kashe." Ba ta taɓa sa mata kati ba, ba ta kuma taɓa tambayar me ya sa ba ya ƙarewa ba. A saninta waya ba ta jin komai sai an yi magana a cikinta. Duk da haka ta sa jikar Chabela ta kashe mata ƙara, ta naɗe ta a hankici, ta cusa a ƙirji.

*

Da Hermelinda ta isa, Nohemy na zaune a bakin gado, kai babu ɗankwali.

"Mami, kin rame."

"Ke kuma kin zama randa. Ina audugar kunnenki?"

"Yanzu ba a yin wannan, Mami."

"'Yata dai za ta yi. Miƙo min shi in ga wa ya ɗauko."

Yaron ya ɗauko goshin ubansa. Duk su biyun sun gani. Hermelinda ta yanka kazar, ta ɗora tukunya, ta tsaya a kanta har Nohemy ta shanye kwano.

"Kin tabbata babu wanda ya biyo ki?"

"Mota uku na canja. Ni kaina sai da na ɓata."

Nohemy ta yi dariya har ta dafe ciki. Ba ta ma rufe bakin da hannu ba, kamar yadda ta saba tun da haƙorin ya karye.

Ran Asabar da hantsi Hermelinda ta rungumi jaririn ta gangara gidan da ke ƙasa neman ƙwai. Tana can ta ji babur ya hau tudu. Ta ɗauka mai sarin burodi ne. Sai ta ji ƙarar bindiga sau biyu, kajin gidan suka watse. Kafin ta hau tudun da ciwon gwiwarta, babur ɗin ya tafi.

*

An kama Wilmer kusa da iyakar Guatemala. Bayan an binne Nohemy aka kira Hermelinda ofishin 'yan sanda. Ta je da yaron a kafaɗa. Wata 'yar sanda ta ajiye wayar Wilmer a gabanta, ta juyo mata da fuskar wayar, taswira a kai.

"Doña, kin ga wannan shuɗin zaren? Wayarki ce. Ya sa mata wani abu tun ranar da ya ba ki. Duk inda kika je yana gani."

"Ai na sa an kashe mata ƙara."

"Ba ruwansa da ƙara."

"A hankici take. Ban kira kowa ba."

"Na sani, Doña. A kasuwa ake sa shi, a rumfar masu gyaran waya, kafin mutum ya gama shan lemo. Ba ke ce ta farko da ta zauna a kujerar nan ba."

Hermelinda ba ta iya karatu sosai ba, amma ta gane hanyar. Ga inda ta yi arewa da gangan ta dawo. Ga inda ta sauka ta laɓe bayan shagon taya tana duba ko ana bin ta. A nan zaren ya yi kauri, don ta daɗe a tsaye. Daga can ya lanƙwasa, ya hau duwatsu, ya tsaya a ɗigo ɗaya.

Ta ɗora yatsa a kan ɗigon don ta rufe shi. Da taɓawarta sai hoton ya buɗe, ya matso kusa. Rufin gidan ya fito, da tandar burodi a gefensa.